Iska da Matsi a Lagireton Mota: Yadda Ake Gano Matsala Kafin a Buɗe Inji

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Haka ma ruwan lagireton mota ba ya tafasa banza. Duk ranar da aka ga tururi yana tashi daga ƙarƙashin bonet, to akwai dalili, kuma sau da yawa dalilin ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta shi da kuɗin da ake kashewa a kansa.

Abin da ya ja hankalina ga wannan batu a gidanmu ya faru. Yayana yana da wata tsohuwar mota tokumbo da yake jigilar fasinja tsakanin Ibadan da Legas. Da ita yake ciyar da iyalinsa, daga cikinta kuma kuɗin rajistata ke fitowa. A hutun da ya gabata sai ta kama abin da direbobi ke kira obahitin, wato zafin inji fiye da kima. Kullum da safe sai ya cika ta da ruwa, kafin ya dawo da yamma ta shanye, alhali ba a ga inda yake zuba ba. Bakanike na farko ya cire tamosta ya jefar, ya ce ta ƙasashen sanyi ce. Wani rewaya ya haɗa fanka kai tsaye, tana juyawa ba hutu. Na uku ya sa aka sauke lagireto aka wanke. Na huɗu ya ce tof gasket ya ƙone, dole a buɗe inji, ya kuma yanka kuɗin da ya kusa kai abin da motar ke samowa a wata guda. Wannan kuwa ya zo daidai da makon da za a rufe rajista.

Kafin a buɗe injin sai muka kai ta wurin kawunmu a Sabo, tsohon bakanike ne wanda nake zama a garejinsa lokacin hutu tun ina sakandare. Bai ɗauki sifana ba. Ya sa aka tayar da ita har ta yi zafi, ya naɗe hannunsa da tsumma ya matsa tiyon sama na lagireto, sannan ya dube ni ya ce, "Zo nan ɗana, matsa ka ji." Na matsa, na ji shi laushi tuɓus. Ya ce, "Motar nan ba ta riƙe furesha. An bar jaki ana ta dukan taiki."

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana abin da Kawu ya gani a ranar, wato rawar da matsi da iska ke takawa wajen sanyaya inji, da matakan da ake bi a gano matsalarsu tun daga mai araha zuwa mai tsada. Na yi amfani da kalmomin da ake ji a bakin kanikawa, waɗanda galibinsu na aro ne, inda kuma na ga akwai Hausa mai gamsarwa na yi amfani da ita, kamar matsi a madadin furesha.

2.0 Yadda Ruwa ke Zagaya Inji

Injin mota wuta ce a rufe. Zafin fetur mai ƙonewa a cikin silinda yakan wuce digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas. Kimanin kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin man ne kawai ke komawa tafiya, kashi ɗaya ya fita ta salansa, ragowar kuwa ruwa ne ke kwashe shi. Akwai motocin da iska kaɗai ke sanyaya su, kamar Volkswagen mai siffar kunkuru da aka riƙa harhaɗawa a Legas daga shekarar 1975, amma kusan duk motocin da ke kan titunanmu a yau da ruwa suke aiki.

A cikin gangar jikin inji da tof silinda, wato kan injin, akwai hanyoyi da aka bari don ruwa. Famfon ruwa ne ke tura shi ta waɗannan hanyoyi, ya ɗebo zafi, ya fita ta tiyon sama zuwa lagireto. A nan yake bi ta sirara-siraran bututu, iskar tafiya ko ta fanka ta busa shi ya huce, sannan ya komo ta tiyon ƙasa. Tamosta ita ce mai gadin ƙofa. Tana rufe hanyar lagireto har sai ruwan ya kai zafin da aka rubuta a jikinta, galibi digiri 82 ko 88, sai kakin da ke cikinta ya narke ya kumbura ya tura ƙofar. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin lagireto a bayan dashbod wanda ke bai wa hita zafi, da sensa mai sanar da geji da kwamfutar motar yawan zafin ruwan.

Duk wannan aiki ya rataya ne a kan sharaɗi biyu: hanyoyin su kasance cike da ruwa ba iska, kuma su kasance a rufe ruf yadda za su riƙe matsi. Da zarar ɗaya ya karye, ɗayan ma na biye.

3.0 Matsi da Aikin Murfin Lagireto

Mun koya tun a sakandare cewa ruwa yana tafasa a digiri 100. Wannan gaskiya ce a bakin teku, kamar Legas. A Jos, wadda ke bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, yana tafasa ne a wajen digiri 96, domin iskar da ke danne shi ta ragu. Idan kuma aka ƙara dannewar, sai ya yi jinkirin tafasa. Wannan ita ce hikimar tukunyar nan mai murfi mai kulle da ake dafa wake ko ganda cikin ɗan lokaci.

Inji yana aiki ne da ruwan da zafinsa ke tsakanin digiri 85 zuwa 105, kuma a kusa da bawul ɗin hayaƙi ƙarfen ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Da a buɗe yake, da ya tafasa a gosulon farko. Abin da ke hana shi shi ne murfin lagireto. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi, da kimanin kashi 4 cikin 100, to da yake an rufe shi, wannan kumburi ne ke haifar da matsi. A bisa murfin za ka ga lamba, galibi 0.9 ko 1.1, a ma'aunin da ake kira bar. Lamba 1.1 ta yi daidai da 16 a gejin mai faci, wato kusan rabin iskar tayar ƙaramar mota. A ƙarƙashin wannan matsi ruwa zalla ba zai tafasa ba sai ya kai wajen digiri 120. Idan an haɗa shi rabi da rabi da kulant, wato ruwan lagireto mai launi, sai ya kusa digiri 130. Ke nan murfin da ake yi wa kallon marfin kwalba shi ke ba injin rarar digiri 20 ko fiye.

Murfin yana da bawul biyu. Babban yana da sifirin mai ƙarfi, ba ya buɗewa sai matsi ya wuce lambar da aka rubuta, sai ya saki rarar ruwan ta ɗan siririn tiyo zuwa ƙaramin tankin roba da ke gefe. Ƙaramin bawul yana tsakiya, kuma aikinsa akasin na farko ne. Idan inji ya huce ruwan ya tsuke, sai ya buɗe a tsotso ruwan nan daga tankin roba ya dawo. Haka tsarin yake a yawancin motocin Japan irin su Toyota Corolla. A wasu motocin Turai kuwa, kamar Volkswagen Golf, lagireton ba shi da murfi, tankin robar ne ke ɗauke da shi, shi ma yana cikin matsi.

Daga nan za mu ga cewa matsalar matsi iri uku ce. Akwai ƙarancinsa, idan robar murfi ta tsage, ko sifirin ya saki, ko akwai inda ke yoyo. Akwai yawansa, idan babban bawul ya maƙale ko hayaƙin silinda yana kutsowa cikin ruwa. Akwai kuma tsotsa, idan ƙaramin bawul ya ƙi buɗewa, sai a wayi gari a ga tiyon sama ya lotse kamar an taka shi.

4.0 Iska a Cikin Ruwa

Lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar zafin da sai lita fiye da 3,000 ta iska za ta ɗauka. Saboda haka duk inda iska ta maƙale a cikin inji, wurin ya zama kamar ba a sanyaya shi. Da yake iska sama take tashi, takan taru ne a wuraren da suka fi tsayi: tof silinda, gidan tamosta, wurin sensa da ƙaramin lagireton hita. Waɗannan kuwa su ne wuraren da suka fi buƙatar ruwa.

Idan iska ta kewaye tamosta, zafin ba ya isa ga kakinta da wuri, sai ta yi jinkirin buɗewa. Idan ta kewaye sensa, sai ya ba da labarin ƙarya, allurar geji ta nuna lafiya lau alhali ƙarfe na cin wuta, fanka ma ta ƙi tashi. Idan ta shiga famfon ruwa, sai ya riƙa juyawa a banza ba ya tura komai. Alamomin da direba zai lura da su sun haɗa da allurar geji mai hawa da sauka ba dalili, da ƙarar ƙululu kamar ta cikin mai jin yunwa daga bayan dashbod, da hita mai busa sanyi ko da inji ya yi zafi, da ruwan da ke raguwa farat ɗaya bayan an cika shi.

Babban darasin da na koya wurin Kawu shi ne ba kowace kumfa ce iska ba. Kumfar da ake gani a bakin lagireto iri uku ce.

Ta farko iskar da ta maƙale. Tana shiga ne lokacin da aka zubar da ruwa aka sake cikawa, ko aka canja tiyo ko famfo ko lagireto, ko tankin roba ya bushe injin ya tsotsi iska a madadin ruwa, ko siririn tiyon nan ya tsage. Alamarta ita ce tana da iyaka. Takan fito jefi-jefi, ta ragu, ta ƙare.

Ta biyu tururi. Wannan ruwan ne da kansa ke tafasa saboda rashin matsi. Ba ya bayyana sai inji ya yi zafi sosai, musamman jim kaɗan bayan an kashe shi, lokacin da famfo ya tsaya amma ƙarfen na nan da zafinsa.

Ta uku hayaƙin ƙonewa. Yana zuwa ne daga silinda ta inda gasket ya ci, ko tof silinda ya lanƙwashe ko ya tsage. Matsin cikin silinda ya ninka na lagireto sau hamsin ko fiye, don haka ƙofa komai ƙanƙantarta ta ishe shi. Alamarsa ita ce ba ya ƙarewa, yana fitowa tun inji na sanyi, yana kuma ƙaruwa idan aka taka totur.

Ta farko maganinta a fitar da ita, ta biyu a gyara murfi ko yoyo, ta uku kaɗai ce ke wajabta buɗe inji. Aikin mai bincike shi ne ya tantance wacce yake fama da ita.

5.0 Matakan Bincike

5.1 Tambaya

Kafin a taɓa komai, a tambayi mai motar. Yaushe abin ya fara? Idan bayan wani gyara ne da aka zubar da ruwa, to iska ce abin zargi na farko. A ina take zafi? Idan a gosulo ne kawai, tana kama hanya ta huce, a duba fanka. Idan a babbar hanya ce ko a hawa, ta huce a silo, a duba toshewar lagireto ko cinyewar fukafukan famfo. Idan ko'ina ne, kuma ruwa na raguwa, to maganar ta koma kan matsi.

5.2 Dubawa da Safe

Lokacin da ya fi dacewa da bincike shi ne da safe kafin a tayar da mota. A fara matsa tiyon sama. Ya kamata ya yi laushi. Idan ya kwana da tauri, ko aka buɗe murfi aka ji fuus mai ƙarfi, akwai yiwuwar hayaƙi ya taru a ciki. Idan ya lotse, ƙaramin bawul ne, ko siririn tiyo ya toshe. A duba ruwan lagireton kansa, kada a tsaya ga tankin roba. Idan tankin a cike yake har yana ambaliya amma lagireto ya yi ƙasa, to ruwa na fita ba ya dawowa.

Sai a juya murfin a dube shi da kyau. A duba robobinsa ko sun tsage, ko sun bushe, ko sun kumbura. A danna sifirin a ji ƙarfinsa. A ja ƙaramin bawul da farce a ga ko yana motsi. A shafa bakin lagireton inda robar ke zama, ko akwai tsatsa ko lotsa. A kuma tabbatar lambar murfin ita ce ta motar.

Daga nan a zaro sandar gwada baƙin mai, a kuma leƙa ƙarƙashin murfin man. Idan ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya haɗu da mai. Sai dai a kula da abu biyu. Motar da ba ta tafiya mai nisa takan tara irin wannan a ƙarƙashin murfi saboda raɓa kawai. Haka kuma gasket yakan ci tsakanin silinda da ruwa ba tare da ya taɓa hanyar mai ba, don haka tsabtar mai ba ta wanke shi daga zargi.

5.3 Gwajin Tiyo

A mayar da murfi a tayar da inji, a riƙa matsa tiyon sama da tsumma, ana nesa da fanka da bel. A motar da ke lafiya taurin yana zuwa ne sannu a hankali tare da zafi, cikin mintuna goma zuwa sha biyar. Idan ya yi tauri kamar taya cikin minti ɗaya ko biyu alhali ruwan bai ko yi ɗumi ba, wannan matsi ba na kumburin ruwa ba ne, daga silinda yake. Idan kuma allura ta kai tsakiya, tiyon ya yi zafi amma yana nan da laushinsa, to matsin na tsiyayewa ta wani wuri. Wannan shi ne gwajin da Kawu ya yi, kuma ba ya cin ko kwabo.

5.4 Famfon Gwaji

Akwai ɗan famfon hannu mai geji da ake ɗaurawa a gurbin murfi. Inji na sanyi, sai a buga iska har allura ta kai lambar murfin, kada a wuce, sannan a jira mintuna goma zuwa sha biyar. Idan allurar ta tsaya cak, babu yoyo. Idan tana sauka, a bi da tocila a duba bakin kowane tiyo inda kilif ya kama, da inda robar lagireto ta haɗu da alminiyom, da ɗan ramin da ke ƙarƙashin famfon ruwa, da kafet ɗin gaba ko ya jiƙe, domin lagireton hita a can yake zubarwa. Busasshen fari-fari ko kore-kore a jikin ƙarfe sawun yoyo ne wanda zafi ke busarwa kafin ya ɗiga ƙasa. Da wannan famfo ake gwada murfin shi ma, a ga ko yana riƙewa har lambarsa kafin ya saki. Idan allura na sauka kuma ba a ga komai a waje ba, to ruwan ciki yake shiga.

5.5 Tabbatar da Gasket

Kada a yanke wa gasket hukunci da shaida ɗaya. Inji na sanyi, a cika lagireto har baki, a bar shi a buɗe, a tayar, a kalli kumfa ko tana zuwa a jere ba yankewa. Wasu kanikawa sukan ɗaure safar hannu ta roba a bakin, su toshe siririn tiyo, idan ta kumbura nan take to hayaƙi ne. A kwance fulogogi a jera su, wanda ya fita fes a cikin 'yan uwansa tururi ne ya wanke shi. A dubi salansa. Farin hayaƙin safiyar hunturu yana ɓacewa da inji ya yi ɗumi, na gasket kuwa yana dawwama, yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi idan akwai kulant. Gwajin da ya fi inganci shi ne na wani shuɗin ruwa da ake zubawa a bututun gilashi a ɗora a bakin lagireto, a zuƙo iskar ciki ta ratsa shi. Idan akwai kabon-dayoksaid, wato iskar da ƙonewa ke haifarwa, sai ya rikiɗe ya koma ruwan ɗorawa. Sai shaidu biyu ko uku sun haɗu sannan a ɗauko sifana.

6.0 Yadda Ake Fitar da Iska

Kanikawa suna kiran wannan aiki bilidin. Ana yin sa ne inji na sanyi, kamar haka:

(a) A ajiye motar gabanta ya fi bayanta tsayi, don bakin lagireto ya zama shi ne ƙololuwa.

(b) A murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, fankarta a ƙasa.

(c) A nemi sukurorin fitar da iska idan motar tana da su. Motocin Peugeot irin su 406 suna da su, a gidan tamosta da tiyon hita. A sassauta su.

(d) A ɗora mazurari, ko gorar ruwa da aka yanke gindinta aka matse bakinta a bakin lagireto, a zuba ruwa sannu a hankali. Gaggawa ita ke kulle iska a ciki. Duk sukurun da ruwa ya fito ta cikinsa zalla ba kumfa, a ɗaure shi, daga na ƙasa zuwa na sama. Ba a tsananta ɗaurin, domin da yawansu na roba ne.

(e) A tayar da inji a bar shi a silo, a riƙa matsa tiyo, ruwa kuma kada ya ƙare a mazurarin. Idan tamosta ta buɗe za a ga ruwan ya faɗa, tiyon sama ya ɗau zafi, na ƙasa ya yi ɗumi. A ƙara ruwa, a ɗan taka totur zuwa juyi 2,000 ko 2,500 na 'yan daƙiƙu, sau da yawa.

(f) A jira fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, kumfa ta yanke, hita ta busa zafi. A kashe, a bari ya huce, a cika, a rufe, a sa ruwan tankin roba tsakanin layukansa biyu. Washegari da safe a sake dubawa.

Idan an mayar da tamosta, a lura da ɗan ramin da ke gefenta mai ɗan ƙarfe mai motsi. Sama ya kamata ya kalla, domin ta nan iska ke wucewa. Idan kuwa an yi bilidin sau biyu yadda ya kamata, iska na dawowa, to ba ragowa ba ce, akwai inda take shigowa, sai a koma mataki na 5.4 da 5.5.

7.0 Kurakuran da Aka Saba Yi

Na farko cire tamosta. Injin da ba shi da ita yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta yi ta ƙara masa fetur, ringi da silinda su yi saurin cinyewa. A wasu injina ma tamostar ce ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya je lagireto ba, don haka cire ta ƙara zafi yake yi.

Na biyu ruwan rijiya ko na burtsatse zalla. Farin dattin nan da ke kama cikin butar shayi shi ke toshe bututun lagireto, tsatsa kuma ta ci famfo da bakin murfi. Gaskiya ne ruwa ba ya daskarewa a ƙasarmu, amma kulant yana ɗauke da maganin tsatsa, yana kuma jinkirta tafasa. A haɗa shi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba. A kuma ɓoye shi daga yara da dabbobi, domin yana da zaƙi kuma guba ne mai lalata ƙoda.

Na uku sa murfin da lambarsa ta wuce ta motar, wanda ke fasa tsofaffin tiyo da robar lagireto.

Na huɗu, wanda ya fi duka haɗari, buɗe murfi inji na zafi. Ruwan da ke digiri 115 a ƙarƙashin matsi, da an saki murfin sai ya tafasa gaba ɗaya, tururi kuwa yana cin wurin da ya ninka na ruwa sau 1,600. Kawu yana da tabo daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, wanda ya samo a hanyar Ikko tun yana yaron gareji. Idan allura ta doshi ja, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a kunna hita, a gangara gefe a kashe inji. A jira aƙalla rabin awa har tiyo ya saki, a rufe murfin da tsumma mai kauri, a murɗa kaɗan iska ta fita tukuna. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi a cikin injin da ya ɗau zafi, domin yana iya tsaga tof silinda.

8.0 Kammalawa

A ranar nan, bayan motar yayana ta huce, Kawu ya buɗe murfin ya miƙo mini. Robarsa ta bushe ta tsage gida biyu. Na ce, "Kawu, wannan ɗan abin ne ya jawo duk wannan?" Ya ce, "Shi ne. Ruwan yana tafasa ya fice ta tankin roba a hanya, in ta huce ta zuƙi iska. Wanke lagireton da aka yi ba bilidin ya ƙara mata wata iskar." Duk da haka bai sallami gasket ba sai da ya kalli kumfa, ya kwance fulogogi, ya dubi salansa. Aka sayo murfi mai lambar motar a kasuwar kayan gyara ta Agodi, aka sayo tamosta, aka mayar da fanka kan sensarta, muka yi bilidin. Kuɗin duka bai kai na cika rabin tanki ba. Motar na kan hanya har yau, ni ma na yi rajista a kan lokaci.

Ba ina nufin kowane obahitin murfi ne ba. Gasket yana ƙonewa, kuma sau da yawa sakaci da irin wannan ƙaramin abu ne ke kai shi ga ƙonewa. Da an ci gaba da tafiya a haka, da maganar bakanike na huɗu ta zama gaskiya. Shawarata ga 'yan uwana ɗalibai da malamanmu masu motoci ita ce, duk ranar da aka ce sai an buɗe inji, a yi tambaya uku cikin ladabi: an gwada murfi? An fitar da iska? Mene ne shaidar cewa hayaƙi na shiga ruwa? Bakaniken da ya san aikinsa ba zai ji haushin tambayar ba, zai ma nuna maka da idonka. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa mu gama karatu lafiya, amin.